Ba'amurke a Kujerata

Da gajeren wando ya sauka a layinmu. Tsoho ne da furfura, gwiwoyi a waje kamar ɗan ƙwallo. Jaka ɗaya a baya, gorar ruwa a hannu kusan girman tulu, yana yi wa kowa murmushi har da akuyar maƙwabta. Na tsaya a bakin shagona na ƙare masa kallo, na ce a raina baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai bushe. Sai na ga ana nuna masa gidan Uwar Biyu.

Ku da kuke karanta wannan ba ku san Uwar Biyu ba, to ku saurara. Maɗinkiya ce. Mijinta ya rasu da daɗewa, tagwayenta mata sun yi aure, ita kaɗai ta rage a gidan. Shagonta a ƙasa, ɗakin haya a sama. Ba yarinya ba ce. Tana da tabarau mai igiya, da tef ɗin awo a wuya, da wani koren mayafi da take yafawa in za ta tsaya da namiji. In tana cizon zare, kumatunta na hagu yana lotsawa. Ban ce na zauna ina lura ba. Ido ne, ba ya neman izini.

Ni kuwa gyaran keken ɗinki nake yi tun kafin a haifi yawancinku. Matata ta rasu, Allah ya jiƙanta. 'Ya'yana sun girma. Ba na roƙon kowa, ba na bin bayan kowa. Keken Uwar Biyu tsoho ne, baƙi, na ƙafa, kuma yana da ɗabi'a guda: duk mako sai zarensa na ƙasa ya cukurkuɗe. Sai wayata ta yi ƙara. Ta san ba na son dogon rubutu, saƙon murya take turowa, kullum iri ɗaya:

"Malam, mutumin naka ya sake."

In ɗauki akwatin kayan aikina in tsallaka titi. Akwai kujerar katako a bayan ƙofa, ƙafarta ɗaya gajera, an tokare ta da kwali. Tawa ce. Akwai farin kofi mai shuɗin baki, hannunsa ya ɗan tsage. Nawa ne. In gyara keke, ta zuba shayi, mu yi zancen lalacewar zaren zamani da rashin kunyar yaran yanzu, in tashi. Shekara da shekaru a haka. Ba ta ce komai ba, ban ce komai ba. Mu manya ne. Shiru ma magana ce.

Da yammacin ranar da baƙon ya sauka na zauna a bencin Mai Aski, inda labarin duniya yake sauka kafin ya isa rediyo. Direba yana nan, tsohon direban babbar mota wanda ya ajiye aiki amma bakinsa bai ajiye ba.

"Kun ga Ba'amurken?" in ji Mai Aski.

"Wane Ba'amurke?" Direba ya ce. "Baƙi ne fa wuluk, har ya fi ni. Ba'amurke ja ne, ƙato, da hular kaboyi."

"Akwai baƙaƙe a can, jahili. Ba ka kallon dambe?"

"To ina bindigarsa? Kowane Ba'amurke da bindiga yake kwana. Jariri ma ana haihuwarsa ake miƙa masa 'yar ƙarama."

"Tana cikin jakar. Ita da daloli."

"Su fa ba su san da wata ƙasa bayan tasu ba," Direba ya ci gaba. "Na taɓa rage wa wata hanya, ta tambaye ni wai zaki yana shigowa tsakar gidanmu."

"Me ka ce mata?"

"Na ce yana shigowa, amma sai ya yi sallama."

Aka kwashe da dariya. Daga nan kowa ya kawo nasa. Kare suke kwana da shi a gado, uwar da ta haife su kuwa su kai ta gidan ajiye tsofaffi. Farantin mutum ɗaya a can sai ya ciyar da gida guda a nan. In Ba'amurke ya yi raɗa, na bayan gari ya ji. Takalmi suke shiga ɗaki da shi, har kan gado.

"Aure kuwa," Mai Aski ya ce, yana kallona ta madubi, "da safe su ga mace, da rana su ce suna so, da yamma an gama. Ba su da nauyin baki. Malam, ka ji?"

"Da ni kake?"

"A'a, da benci nake."

Direba ya karkaɗe hularsa. "Duk wannan wasa ne. Babban ciwonsu guda: ba sa ganin abu a karkace su wuce. Ko ba nasu ba ne, ko ba a kira su ba, sai sun sa hannu. Ƙasa sukutum suke shiga su ce gyara suka zo."

Na yi dariya tare da su. Da na san inda maganar za ta faɗo, da ban yi ba.

Washegari muka haɗu a bakin titi. Ya buɗe haƙora duka, ya ɗaga murya kamar ina ƙetaren kogi.

"Yaya kake, abokina?"

Da harshenmu ya faɗa. Ashe ya taɓa zama a ƙasar nan yana saurayi, suna haƙa rijiyoyi, sai da matarsa ta rasu ya dawo neman wuraren da ya sani. Na gyara tsayuwa zan amsa masa gaisuwa yadda ta kamata, in tambayi gajiyar hanya, in tambayi mutanen gida. Kafin in buɗe baki ya wuce. Ya yi tambaya bai tsaya jin amsa ba. Kuma wai abokinsa. Yaushe muka yi abota? Tun ranar na sa masa suna Mai Haƙora. Yaran layi Dogo suke ce masa.

Da saƙon mako ya shigo na ɗauki akwatina. Tun daga bakin ƙofa na ji dariya. Jama'a, na san dariyar Uwar Biyu, 'yar gajera ce, a bayan mayafi take yin ta. Wannan kuwa doguwa ce, har da dukan tebur. Ban taɓa jin ta ba. Na yi sallama na shiga.

Yana zaune a kujerata.

Ya miƙe dogayen ƙafafunsa, ya ɗora ɗaya kan ɗaya. A hannunsa farin kofi mai shuɗin baki. Ba shayi ba ne ma a ciki, ruwa ne da ƙanƙara, yana kaɗa shi yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Kuma an cire kwalin da ke ƙarƙashin kujerar. An manna ɗan katako a gajeriyar ƙafar, an goge shi sumul.

"Malam, ga baƙona," Uwar Biyu ta ce. "Dubi yadda ya gyara kujerar nan. Ba ta rawa yanzu."

"Da ma ni ba ta yi min rawa."

Ya miƙe ya kama hannuna ya girgiza kamar yana bugun famfo. Ya ce ya ji labarina, wai ni gwani ne. Ya juya ya ɗaga wata rigar yara da ke kan tebur. "Dubi wannan aiki! Hannun matar nan zinariya ne. Kuma koren nan ya yi mata kyau ƙwarai, ko ba haka ba?"

A gabana. A gabanta. Da rana tsaka.

Na jira ta tsuke fuska. Sai ta sunkuyar da kai, kumatun hagu ya lotsa, ba tare da zare a bakinta ba.

Ni na san koren ya yi mata kyau. Na riga shi sani da shekaru. Amma abin da mutum ya sani ba shi zai fito ya yi ta shela da shi kamar mai talla ba. Na durƙusa gaban keke na yi aikina. Ta kawo min shayi a wani kofin roba ja. Na ce na ƙoshi.

Ranar hutu babban ɗana ya zo da ƙanwarsa Auta. Na san abin da ya kawo su tun daga yadda suka zauna, shi a bakin gado da makullin mota a hannu, ita tana ninke min kayan da ban ce a ninke ba.

"Baba, ɗakin nan na gidana yana nan an yi masa fenti," ya ce. "Ka rufe shagon nan ka huta. Mutane suna zagina, suna cewa na bar ubana yana durƙuso gaban kekunan mata."

"Durƙuson nan ne ya kai ka makaranta."

"Ban ƙi ba. Amma me ya rage maka a layin nan?"

Na juya kai gefe. Auta ta matso da wayarta, idonta yana ƙyalli irin na uwarta in za ta yi tsiya.

"Baba, ka ga hoton da Uwar Biyu ta saka?"

"Ba na kallon hotuna."

Na kalla. Ita ce a ƙofar shago da koren mayafi, tana dariya, haƙora a waje. Ta koyi buɗe haƙora. A gilashin tagar bayanta ana ganin inuwar mai ɗaukar hoton, dogo, da gajeren wando.

"An ce kullum da safe sai ya share mata ƙofar shago," in ji Auta. "Har kwanoni yake wankewa. An ce Amurkawa haka suke, mace sarauniya ce a wurinsu."

"Wata uku. Daga nan su sake ta ta waya."

"Baba, kishi kake yi?"

"Kishi na mata ne."

"To me ya sa ka riƙe min waya kamar za ka fasa ta?"

Na miƙa mata abarta. Babban ɗana ya ce shi dai kada a ja masa abin kunya, tsoho da jikoki ba ya tsayawa layin zawarci da baƙo. Na ce ya tashi ya tafi kafin motarsa ta huce.

Abu ɗaya ya rage da nake kwantar da raina da shi. Mai Aski ya rantse Amurkawa ba su da addini sai dala. Na ce to, ya share ƙofa, ya wanke kwano, akwai katangar da ba zai tsallake ba. Ranar Juma'a na shiga masallaci na miƙe sahu. Na duba damana. Ga shi nan. Ya sa doguwar riga har ƙasa, kafaɗarsa a jikin tawa, ƙafarsa a jikin tawa. Da aka sallame ya miƙo min hannu da haƙoran nan. Allah ya yafe min, ban san surar da liman ya karanta ba.

A waje na ga takalminsa. An yi masa faci har biyu. Na kai wa Mai Aski labari.

"Ina dalolin da ka ce?"

"Ɓoyewa yake. Masu kuɗinsu haka suke shiga."

"Addinin fa?"

"To, wannan dai ɓatan kai ya yi ya faɗo hanya."

Direba ya ce ya ji ta bakin mai kanti wai mutumin shi ya yi jinyar uwarsa da hannunsa har ta cika, kuma bai taɓa riƙe bindiga ba, kare kuwa tsoronsa yake ji. Duk abin da suka jera a bencin nan ya zube ɗaya bayan ɗaya. Ku kuna tsammani daɗi na ji? Da ya zo da bindigar da karen da ya fi min sauƙi. Mugun baƙo unguwa ce take korarsa. Nagari kuwa wa zai kora maka?

Sai mako ya zagayo, waya ba ta yi ƙara ba.

Na ce ko caji ne. Na kai ta wurin mai caji, ya ce a cike take. Na ce ko saƙon ne ya maƙale. Na kira Auta na ce ta turo min murya in gwada, ta turo tana dariya, ya shigo lafiya lau. Wani makon ya bi bayansa. Shiru. Na ajiye wayar a kan teburin aiki, fuskarta sama, ina gyaran keken wani ina satar kallonta kamar mai gadin tukunya.

Da abin ya ishe ni na bi ta ƙofar shagonta kamar mai zuwa sayen man keke. Ban shiga ba. Ba sai na shiga ba. Daga titi na ji shi. Keken yana tafiya santsi, ba tari, ba tuntuɓe, kamar ranar da aka fito da shi daga kwali. Kunnena ba ya yi min ƙarya a kan keke. Wani ya taɓa shi.

Na koma shago na zauna. Ban daɗe ba inuwa ta rufe min ƙofa.

"Abokina, zan iya shigowa?"

Ya riga ya shigo. Ya ja benci ya zauna, ya ajiye gorar ruwansa a kan teburina, kusa da sukudirebobina da ba mai taɓawa.

"Na duba keken Uwar Biyu," ya ce. "Ba ta sa ni ba. Na ga yana wahalar da ita, na kasa haƙuri."

"Haka aka ce kuke."

"Akwai ɗan noti a ƙasa, wanda yake riƙe ƙarfin zare. A sassauce na same shi. Na ɗaure." Ya dube ni. Haƙoran suna nan amma sun ragu. "Notin lafiyarsa lau. Bai ci ba, bai gaji ba. Irin wannan in an ɗaure shi sosai, sai ya shekara bai motsa ba. Gwani kamarka ya fi ni sani."

Ku masu karatu, na san abin da kuke jira in ce. Ban ce na yi ba, ban ce ban yi ba. Keke tsoho yana son a riƙa leƙa shi, shi ke nan. Ba a taɓa ɓata mata ɗinki ko ɗaya ba. Kuma ban taɓa karɓar ladan gyaran ba sai shayi.

"Me ya kawo ka shagona?" na ce.

"Tambaya. Kana son ta?"

Na ji kamar an watsa min ruwan ƙanƙarar tasa a baya. Tun da nake, ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar, ko ubana da ya nema min aure.

"A garinku haka ake tambayar dattijo?"

"A garinmu in ba ka tambaya ba, ba ka sani ba."

"A nan in ka tambaya, ba ka da kunya."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Kafin in zo ƙasar nan da farko an gaya min, mutanen can suna da kirki, amma ba za ka taɓa jin abin da ke ransu ba. Za su ce maka babu komai alhali gidansu yana cin wuta. Na ce ƙarya ake yi musu. Sai na haɗu da kai."

"Mu ma an gaya mana kuna shiga abin da ba ruwanku. Ba a yi muku ƙarya ba."

"Wannan kam gaskiya ne," ya ce. Sai ya daina dariya. "Ka ji, abokina. Ni kaɗai nake a duniya. Matar nan ta sa na tuna yadda gida yake. Na roƙe ta ta ba ni lokaci ranar Juma'a bayan la'asar, ina da magana. Zan nemi aurenta. Ban so in yi a bayan idonka ba, don kai ka riga ni zuwa. In akwai alkawari tsakaninku ka faɗa min yanzu, in janye."

Alkawari. Ina da kujera, ina da kofi, ina da shekaru. Amma alkawari na baki, wanda za a ɗaga a nuna? Kalma ɗaya ta ƙarya da ta kore shi. Ni kuwa ba na ƙarya.

"Babu komai," na ce.

Ya miƙe. Ya ɗauki gorarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce allon shagona ya karkace, in ina so gobe ya zo da guduma. Na ce in ya taɓa allon nan sai dai wani ba shi ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba zan ba ku labarinsu ba. Na ɗaure wa wani tela allura a juye, abin da ban yi ba tun ina ɗan koyo. Mai Aski ya ce notin kaina ne ya kwance. Direba ya ce in sayi gajeren wando in gwada sa'ata. Na daina zuwa bencin. Na kira babban ɗana na tambaye shi wane irin fenti ya yi wa ɗakin nan, ya yi murna, na kashe wayar.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na zauna da fararen kayana, ban cire ba. Na ce in an yi la'asar zan rufe shago in tafi wurin Auta, kada in ga shigarsa. Ana idar da la'asar, ina neman kwaɗo, wayar ta yi ƙara.

"Malam, mutumin naka ya sake."

Na saurara sau uku. Murya iri ɗaya, kalmomi iri ɗaya. Na ce ba za ni ba, ta kira injiniyanta na sama. Ina faɗin haka akwatin yana hannuna, ƙafata tana tsakiyar titi.

Shagon a share, an kunna turare. Ta sa wata riga ruwan toka mai ƙananan furanni da ban taɓa gani ba, koren mayafin a kafaɗa, tabarau a ƙirji. Ba ta ɗinki. Hannayenta a kan cinya. Na gaishe ta a taƙaice, na durƙusa, na zame farantin ƙasan allura, na sa yatsa.

Babu notin. Ba sassautawa ya yi ba. Babu shi sam.

"Yana cikin kofinka," ta ce.

Na duba. Farin kofi mai shuɗin baki yana kan kujerata, a wanke, a bushe, ɗan notin yana kwance a ƙasansa.

"Wa ya cire?"

"Ni. Da bakin almakashi." Ta gyara mayafi. "Malam, ni maɗinkiya ce tun ina budurwa. Kana tsammani ban san notin kekena ba? Tun shekarar farko na gane. In ka tafi nakan duba in ga iya inda ka bar shi."

Na rasa inda zan sa idona. Na sa shi a kan kofin.

"Me ya sa ba ki ɗaure ba?"

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

Na miƙa hannu zan ɗauki notin. Ta riga ni. Ta damƙe shi a tafinta.

"Ba za a mayar da shi yau ba sai na ji abin da yake kawo ka. Na gaji da shayi, Malam. Gashina ya yi fari ina dafa shayi. Bawan Allahn nan na sama ya nemi in ba shi lokaci kamar mai zuwa ganin likita, ya ce bayan la'asar yana da magana, kuma na san maganar. Shi bai yi wata uku ba."

"Su ai haka suke. Ba su da nauyin baki."

"Nauyin bakinka me ya dafa min?"

A sama aka rufe ƙofa. Na ji makulli. Na ji takunsa a kan matakala, a hankali, ba irin saukowar da ya saba yi da gudu ba.

"Ka ji shi," ta ce. "Matakalar ba ta da tsawo."

Na miƙe. Gwiwata ta yi ƙara. Na gyara hula.

"Keken nan," na ce, "a kai shi gidana. Da mai shi."

"Wannan umarni ne. Shi da roƙo zai zo."

Takun ya iso kwanar bene. Ƙanshin turarensa ya riga shi. Jama'a, na binne iyaye, na binne mata, na taɓa cire allurar keke daga yatsana da filaya ban yi ƙara ba. Ban taɓa jin abu mai nauyi kamar harshena a lokacin ba. Matata ta zauna da ni har ta koma ga Allah ba ta ji kalmar nan daga bakina ba, kuma ta san da ita. Na dubi bango, wurin da kalanda take.

"Ina son ki," na ce wa kalandar. "Tun tuni. Ki aure ni."

Na juyo.

Yana tsaye a bakin ƙofar ciki. Dogon wando, an goge shi har yana da kaifi. Riga mai maɓalli har wuya. Furanni a hannu, jajaye, an naɗe su a takarda. Ya ji. Kuma karon farko tun da ya sauka a layinmu, ban ga haƙori ko ɗaya ba. Na ɗauka zan ji daɗi. Na ɗan ji.

Ya dube ni, ya dube ta, ya ja da baya taku ɗaya. "Ku yi haƙuri. Zan koma sama."

"A'a, Malam Dogo," in ji Uwar Biyu. "Na ba ka lokaci, ba na saɓa alkawari."

Ta ƙulle notin a bakin mayafinta, ƙulli biyu, ta ja da haƙori. Kumatun hagu ya lotsa. Ta miƙe ta buɗe kabad ta ɗauko wani kofi, sabo fil, fari mai shuɗin baki, ta ajiye shi kusa da nawa.

"Na ji ɗaya," ta ce. "Bari in ji na biyu. Shigo ka zauna."

Ya duba shagon. Ban da tata ta ɗinki, kujera ɗaya ce a ciki, wadda ya gyara da hannunsa. Ya dube ta, na dube ta.

Na ɗauke kofunan daga kai, na tattara rigata, na zauna. Na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Bismillah," na ce masa. "Faɗi. A garinku ai a tsaye ake yi."